Ina son zama medik cikin tawagar masu tsaron manya, wane kwas zan fara da shi?

Sadik Tudun Wada
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah waɗanda suka san harkar tsaron manya su taimaka mini da shawara. Ni nas ne mai rajista, ina aiki a ɗakin maza na wani asibitin gwamnati a Kaduna. Na daɗe ina sha'awar aikin medik ɗin nan da ke tafiya cikin kwambar manyan mutane, ko a gida ko a waje, kuma tun da Shugaba Tinubu ya ba da umarnin janye 'yan sanda daga gadin manya a watan Nuwamban 2025 nake jin ana cewa kasuwar za ta buɗe. Na tara 'yan kuɗi, amma abu ɗaya kawai za su iya ɗauka. Akwai wani kwas na kwana biyar da nake gani ana tallarsa a Instagram, wai TCCC, na kula da masu rauni a fagen yaƙi, har da hotunan mutane sanye da sulke da hular kwano. Wani abokina kuma ya ce wannan ɓarnar kuɗi ce, in nemi biza in je Ingila in yi kwas ɗin lasisin tsaro na SIA da na taimakon farko FREC 3, da su ake samun aikin dala. Matiron ɗinmu ita kuma cewa ta yi in koma makaranta in yi jinyar gaggawa. Gaskiya kaina ya ɗaure.

Ɗan Asabe
TCCC kawai mutumina, kada ka tsaya ɓata lokaci. Ai kana da takardar nas, abin da ya rage maka harkar harbi ce. Ni ma shi nake tara wa kuɗi.

Baba Saje
Wa alaikumus salam ɗana. Ni daga sashen lafiya na soja na yi ritaya, na yi Laberiya, na yi Darfur, na ƙare aiki a Maiduguri. TCCC ba ƙarya ba ne, kada wani ya ce na rushe shi. Sojojin Amurka ne suka fito da shi bayan abin da ya same su a Mogadishu a 1993, aka wallafa tsarin a 1996. Daga baya suka bi diddigin sojojinsu 4,596 da suka mutu a yaƙin Iraƙi da Afghanistan tsakanin 2001 da 2011, suka tarar kusan kashi 87 cikin ɗari sun cika tun kafin a kai su asibiti. Cikin waɗannan, wajen ɗaya cikin huɗu rauninsu irin wanda ake iya tsira da shi ne, kuma tara cikin goma na masu irin wannan raunin jini ne ya ƙare musu. Shi ya sa tsarin ya sa tsayar da jini gaba da komai, har gaba da hanyar numfashi.

Amma ka duba wa aka yi wa tsarin. Saurayi ɗan ashirin da 'yan kai, lafiyayye, an auna shi ciki da waje kafin a ɗauke shi aiki, ga jirgi mai saukar ungulu na jiran kira. Kai kuwa wanda za ka bi Alhaji ne mai shekara sittin da biyar, ga tumbi, ga hawan jini, ga suga, ga ƙwayoyi cike da aljihun babbar riga, rabinsu ko likitansa bai san yana sha ba. Kwana biyar cikin hular kwano ba zai koya maka wannan mutumin ba.

Awudu Kumasi
Salam. Ɗan uwa Sadik, ni ɗan Zongo ne daga Kumasi, na shiga sojan Ingila ta ƙofar 'yan Kwamanwel, da na fita na kama aikin tsaron manya a Landan, har yanzu shi nake yi. Bari in warware maka maganar abokinka, don ya haɗa abubuwa biyu wuri ɗaya.

SIA hukuma ce, ita ke ba da lasisin aikin tsaro a Birtaniya ƙarƙashin dokar 2001. Kafin ta ba ka lasisin tsaron manya sai ka yi kwas na mataki na uku, wanda tun Afrilun 2022 ya koma awa 194, kusan sati uku ke nan, kuma ba za su karɓe ka a kwas ɗin ba sai kana da takardar taimakon farko. Nan ne FREC 3 ke shigowa. Kwana biyar ne, Qualsafe ke ba da takardar. Lasisin shekara uku yake yi, sai an bincika tarihinka wajen 'yan sandan ƙasashen da ka zauna, kuma sai kana da izinin yin aiki a ƙasar. Wannan na ƙarshen shi ne inda 'yan uwanmu ke faɗawa. Mutum ya zo da bizar ziyara, ya biya kwas da otal da jirgi, ya ci jarrabawa, sannan ya gano takardar kwas daban, lasisi daban.

Sannan FREC 3 ba ya mai da mutum medik. Ni ina da shi, ina da FREC 4 ma, kuma ba na kiran kaina medik. Dogari ne ni wanda ya iya tsayar da jini, ya iya danna ƙirji, ya iya sa iskar oksijin kafin motar asibiti ta zo, kuma a Landan tana zuwa. Idan kamfani ya rubuta yana neman medik na gaske, faramedik, wato ƙwararren ma'aikacin gaggawa na motar asibiti, mai rajista da hukumar HCPC yake nufi, ko nas, ko likita. Sunan faramedik doka ce ke kare shi a nan, ba ka isa ka laƙa wa kanka ba, kuma tun 2021 sabon shiga sai da digiri. Kai da kake da rajistar jinya, FREC 3 komawa baya ne a wajen ilimi, ko da yake akwai abin da za ka ƙaru da shi na aiki a bakin titi.

Sadik Tudun Wada
Ikon Allah. Oga Awudu na gode. Wato ko na je ma ba lasisin zan dawo da shi ba.

Awudu Kumasi
Da bizar ziyara dai a'a. In Ingilar kake so da gaske, ƙofarka ta jinya ce: jarrabawar Turanci, IELTS ko OET, sai ta kwamfuta CBT, sai ta aikin hannu OSCE, ka shiga rajistar majalisar jinyarsu NMC, ka nemi sashen gaggawa. Bayan ka zauna da ƙafafunka, kuma takardun zamanka sun ba ka dama, sai ka yi maganar SIA. Kuma ka sani a nan ba mai riƙe bindiga cikinmu. Yawancin aikin tsayuwa ne a ƙofar otal da rakiyar yara kanti.

Ɗan Asabe
To amma Baba Saje, da girmanka, Najeriya ake magana ba Landan ba. A Janairun 2013 ba a buɗe wa kwambar marigayi Sarkin Kano Ado Bayero wuta ba a cikin gari, direbansa da dogarai suka rasu? Gwamna Zulum fa, sau nawa aka kai wa ayarinsa hari a hanyar Baga a 2020? Ranar da aka yi wannan, awon suga ne zai cece ka?

Baba Saje
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ban ce kada ya koya ba, ɗana, cewa na yi kada ya fara da shi. Kuma tunda ka kawo ayarin gwamna, waɗannan da sojoji da mobal suke tafiya, da nasu ma'aikatan lafiya na gwamnati. Ba a ɗaukar nas daga Instagram a saka shi ciki.

Abu na biyu, ranar da aka buɗe wuta, medik ba ya durƙusawa a kan kwalta yana neman jijiya. Direba ne ke aiki a mintin farko, a fitar da mota daga wurin. Abin da za ka iya yi a lokacin bai wuce ɗaure hannu ko ƙafar da ke tsiyayar jini ba, kuma wannan kowa a cikin motar ya kamata ya iya, har direban. Ina iya koya wa mai wankin mota shi a yini ɗaya. Abin da ba na iya koya masa a yini ɗaya shi ne ya kalli mutum ya gane jini na zuba a ciki alhali ba ɗigo ko ɗaya a riga.

Dokta Bashir
Maganar Baba ta ƙarshe ta tuna mini da shugaban Amurka Reagan. Ranar 30 ga Maris 1981 aka harbe shi a ƙofar otal ɗin Hilton a Washington. Shugaban masu tsaronsa, Jerry Parr, ya tura shi cikin mota ya faɗa kansa, suka nufi fadar White House, don ba wanda ya ga rauni, shi kansa Reagan ya zaci haƙarƙarinsa ne ya karye wajen turawar. Sai ya yi tari, Parr ya ga jini ja wur mai kumfa a bakinsa. Nan take ya ce a juya zuwa asibitin Jami'ar George Washington. Ashe harsashi ya shiga ta ƙasan hammatarsa ta hagu ya huda huhu, ya tsaya dab da zuciya. Ba allura Parr ya yi ba, ba ɗinki ba. Ya gane abin da ya gani, kuma ya san asibitin da ke kusa wanda zai iya buɗe ƙirji.

Ku kwatanta da harbin firaministan Isra'ila Yitzhak Rabin a Nuwamban 1995 a Tel Aviv. Asibitin Ichilov na nan kusa, amma motar ta isa ba tare da an sanar da su ana tafe da firaminista ba.

Sadik, rabin wannan aikin ana yin sa ne tun kafin a tada mota. Ba a fafe gora ranar tafiya. In za ku tashi daga Abuja zuwa Kaduna, kai ne za ka san cewa in abu ya faru kafin Jere gara a koma baya, asibitin koyarwa na Gwagwalada ko cibiyar masu rauni ta Babban Asibitin Ƙasa, in kuma an wuce Rijana a miƙe Kaduna, asibitin soja na 44 ko asibitin Barau Dikko. Kai za ka san wane ne ke da likitan tiyata a daren Lahadi, ina ake da jinin rukunin maigidanka, lambar wa za ka kira ya ɗauka. Kuma abin da ya fi yiwuwa ya same ku a wannan hanyar ba ɗan bindiga ba ne, tayar gaba ce ta fashe kuna gudun da kwamba ke yi. Alƙaluman hukumar kiyaye haɗurra suna nuna sama da mutum 5,000 ke mutuwa a titunanmu a shekara.

Sista Hadiza
Na so in yi shiru amma na kasa. Sadik ƙanena, ka ce ɗakin maza kake. Yaushe rabonka da ka karɓi mutum daga bayan a-kori-kura, ba fayil, ba tarihi, ba wanda ya san sunansa? A ɗaki, mara lafiya yana zuwa maka ne an riga an gano ciwonsa, likita ya rubuta, kai kana bi. A cikin mota ba wanda zai rubuta maka. Matiron ɗinku ta fi duk masu tallan nan son ka.

Ni na yi karatun jinyar haɗari da gaggawa bayan rajista, shekara guda ne ko ɗan fiye, ana yi a asibitin ƙashi na Igbobi a Legas da asibitin koyarwa na Benin da wasu wuraren, kuma Majalisar Jinya da Ungozoma ce ke ba ka rajistarsa, ba wani kamfani ba. Amma ko makarantar ba ita ce maganar ba. Sa hannu ne. Kanula a hannun mutumin da jijiyoyinsa suka ɓuya saboda jini ya zube, ba a koyonta a jikin roba. Sai ka yi ta yi, cikin dare, da fitilar waya, 'yan uwansa na ihu a kanka. Tun kafin ka samu gurbin karatu ka je ka roƙi a mai da kai sashen gaggawa. Ba mai rububin wurin, za su ba ka da gudu.

Ɗan Asabe
Sista, wannan ai doguwar hanya ce. Mutum na neman mafita yanzu yanzu.

Sista Hadiza
To ya je ya yi ta yanzu yanzun. Ranar da Alhaji ya kama ƙirji a bayan mota yana gumi, sai ya ciro hular kwanon ya sa masa.

Dokta Bashir
Sista kin sa ni dariya, amma ga misali na gaske a kan wannan ɗin. Mai ciwon ƙirji, littafi ya ce a ba shi asfirin 300 ya tauna, a sa masa GTN, maganin buɗe hanyoyin jini, ƙarƙashin harshe. To in ya sha maganin ƙarfin maza irin sildenafil cikin awa 24 da suka wuce, ko tadalafil cikin awa 48, GTN ɗin na iya faɗar da jininsa ƙasa warwas. Dole ka tambaya. Yanzu ka tambayi babban mutum wannan a gaban direba da ɗan sanda da Hajiya a gefe, ka ga ko zai faɗa maka gaskiya. Sai in tun kafin ranar ka zama mutumin da yake rufe ƙofa ya gaya wa abin da bai gaya wa kowa ba. Ga kuma azumi: mai suga da ke kan insulin ya ce sai ya kai, kuna hanyar ta'aziyya da la'asar ya fara magana ba kai yana zufa. Mai kwas ɗin kwana biyar zai ce shanyewar ɓarin jiki ce ko aljanu. Wanda ya saba zai soki yatsa, ya ga suga ya yi ƙasa da 4, ya san abin yi, ya kuma san yadda zai gaya wa dattijo ya karya azumi ba tare da ya ci masa fuska ba.

Malam Isa
Assalamu alaikum. Ban cika magana a nan ba amma wannan ta shafe ni. Na yi aikin asibitin sansani da kamfanonin mai, farko a Neja Delta, daga baya a kudancin Iraƙi wajen Basra. Masu ɗaukar aiki a irin wuraren nan, abin da suke fara dubawa a CV rajista ce mai rai, wadda za su iya bincikawa da kansu. Na biyu, shekara nawa ka yi a gaggawa ko a motar asibiti, kuma yaushe rabonka da mara lafiya. Sai a ƙarshe su duba ƙananan katunan: BLS da ACLS na farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, waɗanda ke mutuwa bayan shekara biyu, da PHTLS na kula da mai rauni kafin a kai asibiti, kwas na kwana biyu mai shekara huɗu. Katunan nan sharaɗi ne, ba a shiga sai da su, amma ba su ke sa a zaɓe ka ba, don kowa na da su.

Kuma kada a ruɗe ka da maganar dala. Albashi a can hawa hawa ne bisa fasfo. Bature daban, ɗan ƙasa ta uku irin mu da 'yan Yuganda da 'yan Nepal daban, ɗan gari daban, ko da aikinku ɗaya. Yana fin na gida, ban musa ba. Amma wanda ya sayar da fili don lissafin albashin Bature zai sha mamaki.

Wani abin da ba a faɗa: aikin na cinye hannu. Sai ka yi wata da watanni ba abin da ka gani sai mura da gudawa da ciwon baya. Duk medik ɗin kirki da na sani, in ya dawo hutu yana komawa asibiti ya karɓi dutin dare, ko kyauta ne.

Sadik Tudun Wada
Malam Isa, Afirka ta Kudu fa? Na ji ana cewa can ne ake samun aikin hannu sosai.

Malam Isa
Ana samu, don raunin wuƙa da harsashi ba ya yankewa a Cape Town da Johannesburg, kuma akwai makarantun tsaro a can da ke saka ɗalibi cikin motar asibiti ya yi dare. Sai dai gajerun kwasa-kwasan aikin motar asibiti da aka san su da su a da, BAA da AEA da CCA, an daina su. Yanzu karatun shekara ɗaya ne, ko difloma ta shekara biyu, ko digiri na shekara huɗu, rajista kuma wajen hukumar ma'aikatan lafiyarsu HPCSA. Amma tsakani da Allah, kai da ke Kaduna, raunin me za ka je nema a Cape Town wanda ba ya zuwa ƙofar asibitinku?

Lauya Kabiru
Bari in sa baki ta ɓangarena, don na ga ana ta maganar sulke. Dokar kamfanonin gadi ta 1986 ita ke aiki har yanzu, Sibil Difens ke ba su lasisi, kuma ta hana ma'aikacinsu riƙe bindiga. Umarnin Nuwamban 2025 ma cewa ya yi mai son masu makami ya nema wajen Sibil Difens. Saboda haka duk kwas ɗin da ya ce zai koya maka harbi don aikin tsaro mai zaman kansa a Najeriya, ka tambaye shi a ƙarƙashin wace doka za ka yi aiki da abin.

Jakar magani ita ce ta fi damuna. Morfin, pentazosin, taramadol, duk suna ƙarƙashin tsauraran dokoki. In NDLEA suka tare ku a shinge suka same su a jakarka ba takardar likita, sunan maigidanka ba lallai ya fitar da kai ba, wataƙila ma shi ne zai fara cewa bai san da su ba. Kafin ka sa hannu a kwantiragi, a rubuta sunan likitan da kake aiki ƙarƙashinsa, da magungunan da ya yarje maka ka bayar, da wanda zai ɗauki nauyi in an kai ƙara. Sannan ka riƙe wannan a ka: dokar 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi mai raunin harsashi ba tare da jiran rahoton 'yan sanda ba, sashe na 20 na Dokar Lafiya ta 2014 kuma ya hana a ƙi mai buƙatar gaggawa. Ka ajiye kwafinsu a waya, akwai ranar da za ka nuna wa wani a bakin ƙofa.

Nura Funtuwa
Don Allah ni fa CHEW ne, wato ma'aikacin lafiyar al'umma, shekarata takwas a asibitin karkara, ni ke ɗinki ni ke karɓar haihuwa ni ke komai. Ni ma sai na koma makaranta?

Sista Hadiza
Malam Nura, ba raini ba ne, na san ku ke riƙe da ƙauyuka. Amma takardarka ta lafiya a matakin farko ce, kundin ƙa'idar aikinku bai kai inda ake magana ba, kuma kamfanin waje bai san ta ba. In da gaske kake, ka dubi difloma ta faramedik. Asibitin koyarwa na Benin ya fara horar da su tun 2008, yanzu kuma akwai manhajar ND da HND ta hukumar ilimin fasaha NBTE.

Nura Funtuwa
Kullum haka kuke ce mana. Amma in dare ya yi a ƙauye ba a ganin mai rajista ko ɗaya.

Admin Garba
Malam Nura, Sista, wannan rigimar mun yi ta a baya har sau nawa. A bar ta a nan don Allah, a koma kan tambayar Sadik.

Maryam A.
Ina ta bibiya a ɓoye. Ni ma nas ce, shekarata ta uku a gaggawa. Mace na da wuri a wannan aikin ko ɓata lokaci ne?

Awudu Kumasi
Hajiya Maryam, ku ake nema ma ido rufe. Duk bazara iyalan Larabawan yankin Gulf suna cika Landan, kuma ba za su yarda namiji ya bi matansu da 'ya'yansu mata ɗakin gwada kaya ko wajen likita ba. Mata masu lasisi kaɗan ne ƙwarai, balle Musulma wadda ta san jinya, in ta iya ɗan Larabci kuma an gama. Ko a gida, matan manya da ke tafiya Umra ko asibiti a Alƙahira da Dubai sun fi sakewa da mace. Sai dai ki ƙara da na yara, PALS, don rabin aikin iyali yara ne: zazzaɓi, asma, abu ya maƙale a wuya, yaron da gyaɗa ke tayar wa da borin jini. Wahalarsa kuma ba lokacin tashi. In kina da ƙananan yara ki yi shawara da gida tukuna.

Sadik Tudun Wada
To yanzu na fahimci inda aka dosa. Gobe in sha Allah zan ga matiron kan maganar komawa gaggawa, in fom ya fito kuma in cika. Abin da ya rage mini, shi kwas ɗin tsaron kansa, in bar shi ke nan gaba ɗaya?

Awudu Kumasi
A'a, kada ka bar shi, jinkirta shi za ka yi. Na yi aiki da wani faramedik, gwani ne a aikinsa, amma bai san inda zai tsaya ba. Kullum yana tsakanin maigida da ƙofar mota, ko ya buɗe jaka a gaban baƙi, ko ya kira ciwon mutum da ƙarfi a rediyo kowa na ji. Ba a sabunta masa kwantiragi ba. Dole ka san wace mota ce taka a kwamba, me kowa zai yi in an tsaya ba shiri, yadda ake magana a rediyo, yadda ake shiga taro da kaya a jiki ba wanda ya lura. Amma wannan sati biyu zuwa uku ne ga mai hankali. Mai da nas ɗin gaggawa ɗan tawaga abu ne mai sauƙi. Mai da dogari nas, shekaru ne, shi ya sa ni ban yi ba.

Dokta Bashir
Kuma cikin kuɗin da ka tara, BLS da ACLS da PHTLS ba za su cinye su duka ba, ana yin su a nan gida. In ka zo kan na harbin, TECC ya fi dacewa da kai a kan TCCC, don shi aka gyara wa farar hula tun 2011, ya sa yara da tsofaffi da masu ciki a lissafi. Ka karanta kan maganin tranexamic acid ma. Gwajin CRASH-2 na 2010, mai mutum sama da 20,000 har da asibitocin Najeriya a ciki, ya nuna yana rage mutuwa daga zubar jini, kuma bin diddigin da aka yi bayansa ya nuna sai an ba shi cikin awa uku, bayan nan yana iya cutarwa. Yana da araha, ba ya son firji. Sannan duk maigidan da ya ce yana son medik amma ya ƙi sayen na'urar farfaɗo da zuciya ta AED, ado yake nema. In zuciya ta tsaya, kowane minti ɗaya ba a yi komai ba damar tsira na raguwa da kashi 7 zuwa 10.

Baba Saje
Tunda an zo kan kaya, a kula da maɗaurin jini na jabu. Samfurin CAT na gaske da na bogi ido ba ya raba su a hoto, sai ka murɗa sandar da ƙarfi ta karye a hannunka, a lokacin kuwa ba ka da na biyu. Kasuwar intanet cike take da su. Ka saya wajen dila na gaske, ka ware ɗaya na atisaye, kada ka mayar da shi jakar aiki. In ka ɗaura, ka rubuta lokaci. Kuma don Allah kada a ɗaura shi a saran maciji, na ga masu kwas ɗin nan suna yi. Kububuwa ta sari mutum a gonar maigida, abin da yake buƙata a hana ƙafar motsi a kai shi inda ake da allurar dafi, irin asibitin Kaltungo a Gombe, ba a shaƙe ƙafar ba.

Tactical Medic Academy NG
Assalamu alaikum, masu sha'awa muna da gurbi a zango mai zuwa, akwai ragi ga mutum biyar na farko, satifiket na ƙasa da ƙasa. A tuntuɓe mu ta inbox.

Admin Garba
Na cire lambar da hoton. Ba ma hana talla, amma ƙa'idar gidan nan ita ce ku rubuta a fili wace hukuma ce ke ba da takardar, su wa ke koyarwa da rajistarsu, awa nawa ne na aikin hannu. In NAEMT ce, ƙungiyar Amurka mai ba da takardar TCCC, kamar yadda hoton ya nuna, ku ba mu sunan cibiyar yadda yake a wajensu, mu duba da kanmu.

Ɗan Asabe
Su ne fa waɗanda nake tara wa kuɗin. Ni dai har yanzu ina ganin kun cika tsanani, ba kowa ne zai iya komawa aji ba. Amma bari in tura musu tambayoyin Admin in ji me za su ce.

Sista Hadiza
Ka ƙara da tambayar mutum nawa ke raba mutum-mutumi ɗaya a ajin, kuma ko akwai wanda ya taɓa faɗuwa jarrabawarsu.